Daga Kwabo Tara Zuwa Naira Dubu

Waɗanda suka yi wayo a Kano ko Zariya ko Katsina a farkon shekarun 1970 za su iya tuna yadda titi yake da sassafe. Keke ne sarkin hanya. Malamin makaranta da akawun En'e da ma'aikacin masaƙa, kowa bisa Raleigh ɗinsa, ya tattare bakin riga ya cusa a gaba don kada sarƙa ta kama, yana kaɗa ƙararrawa yana gaida mutane ba tare da ya sauka ba. Jakuna na shiga kasuwar Kurmi da kaya. Mai tafiya mai nisa yana da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano tun 1911, daga baya ya miƙa zuwa Ƙauran Namoda da Nguru, ya kai Maiduguri a 1964. Garuruwanmu a dunƙule suke a lokacin: gida da masallaci da kasuwa da wurin sana'a duk tafiyar ƙafa ce. Man da magidanci ya damu da shi kananzir ne na fitila. Farashin fetur zancen direbobin lori ne da masu motar haya a tasha.

Idan muna neman inda wannan tsari ya fara juyawa, sai mu tsaya a kan 1973. A farkon shekarar muka yi bankwana da fam da sule muka karɓi naira da kwabo. A watan Oktoba kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, Sarki Faisal na Saudiyya a gaba, suka rage haƙo, suka kuma hana sayar wa wasu ƙasashen da ke goyon bayan Isra'ila. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Guguwa ɗaya ce ta kaɗa duniya baki ɗaya, amma kowace ƙasa da irin ɗakin da ta gina bayan wucewarta, kuma yawancin bambancin da muke gani yau a yadda mutane ke zuwa aiki ya samo tushe daga shawarwarin da aka yanke a waɗancan shekaru.

Holan na cikin waɗanda takunkumin ya fi shafa kai tsaye. Daga Nuwamban 1973 zuwa Janairun 1974 gwamnati ta hana hawa mota ranar Lahadi, har yara suka riƙa wasa a kan manyan titunan da suka zama fayau. Abin ya zo daidai da wani ƙorafi da ya riga ya fara ƙarfi a ƙasar, domin a 1971 haɗarin mota ya ci rayuka sama da 3,000, cikinsu yara fiye da 400, iyaye kuma sun fito suna neman a kawo ƙarshen hakan. Tsadar mai da juyayin yara suka haɗu suka sa hukumomin birane suka koma wa keke, abin hawan da su ma suka fara yasarwa. Aka ware masa hanyoyinsa daban, aka ƙuntata wa mota shiga tsakiyar gari, aka bar haraji mai nauyi a kan fetur. Denmak ma ta bi irin wannan turba a Kopenhegan. Yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen mutanen Holan a kan keke ake yi, kuma ganin babban ma'aikaci da kwat yana tuƙa keke zuwa ofis bai zama abin waiwaye ba. Litar fetur a can tana cikin mafi tsada a duniya, wajen rabin kuɗin ko fiye haraji ne, amma talaka yana iya shekara bai tsaya a gidan mai ba.

Amurka ta sha irin wahalar, da dogayen layuka da rabon mai bisa lambar mota, mai mara yau, mai cika gobe. A 1974 ta ƙayyade gudu a mil 55 cikin sa'a, a 1975 ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota rage shan mai, abin da ya buɗe wa ƙananan motocin Japan irin su Toyota da Honda kasuwa. Sai dai ta riga ta yi nisa a wata hanyar. Tun 1956 ta fara shimfiɗa manyan titunan da suka haɗa jihohinta, mutane suka fice daga tsakiyar birane suka gina gidaje a bayan gari, inda ko burodi za ka saya sai ka tada mota. Gari irin wannan ba ya jure fetur mai tsada, don haka babu ɗan siyasar da ke son taɓa shi. Harajin gwamnatin tarayya a kan galan ɗaya yana nan a senti 18.4 tun 1993. Ba'amurke yana sayen mai a kusan rabin kuɗin da Bajamushe ke biya, kuma kafin annobar korona wajen kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar kowa shi kaɗai yake tuƙa motarsa zuwa aiki. Brazil kuwa gona ta waiwaya: a 1975 ta ƙaddamar da shirin sarrafa rake ya zama man mota, birninta na Kuritiba kuma ya ware wa manyan bas-bas layinsu na musamman tun 1974, dabarar da Legas ta aro a 2008.

Mu kuma muna ɓangaren da kuɗin ke kwararowa. An gano mai a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, mun shiga ƙungiyar OPEC a 1971, sai ga 1973 ta ninka mana kuɗin shiga. Gwamnatin Janar Gowon ta tsaida farashi ɗaya a faɗin ƙasa, lita ba ta kai kwabo goma ba, a 1975 kuma aka kafa asusun daidaita farashi wanda ke biyan kuɗin dakon mai, domin na Maiduguri ya saya daidai da na Fatakwal. Ya kamata mu yi wa wannan tsari adalci. Ƙasa ce da ta fito daga yaƙin basasa, tana neman abin da zai sa kowa ya ji yana da rabo a arzikinta, kuma mu 'yan Arewa da ke nesa da teku mu muka fi kowa cin moriyarsa. Sannan ƙarin albashin Udoji ya zo da kuɗin ariya a dunƙule. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen a Legas, gwamnati na ba ma'aikata bashin sayen mota. Wanda ke kan keke ya koma Vespa ko Honda roba-roba, mai babur ya hau fijo 404, daga baya 504. Wanda ya ga zamanin ba zai manta daɗinsa ba: ɗan makaranta ya gama jami'a aiki na jiransa, bashin mota na jiransa, ya cika tanki da 'yan nairori ya kama hanyar Jos don shan iska kawai.

A cikin wannan daɗin ne muka yi asarar da ba mu lura da ita ba. Keke ya sauka daga abin alfaharin ma'aikaci ya zama alamar wanda bai samu ba. Jirgin ƙasa ya fara tsufa babu mai kula, tirela da tanka suka ƙwace dakon kaya, har man da kansa ya koma tafiya a kan titi duk da bututan da aka binne. Cunkoso ya yi wa Legas yawa har a 1977 aka kawo dokar lambar mota mara da cika, masu hali suka sayi mota ta biyu. Gwamna Lateef Jakande ya ɗauko aikin jirgin cikin birni, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, Legas ba ta ga irinsa yana ɗaukar fasinja ba sai a 2023. Garuruwa suka tsallake ganuwa suka yi ta bazuwa, Kano ta miƙa Rijiyar Zaki da Hotoro da Mariri da Rijiyar Lemo, Kaduna ta haura zuwa Rigasa da Mando da Sabon Tasha. Abuja da aka zana a waɗannan shekaru an zana ta ne da mai mota a zuciya, tituna masu faɗi da nisa tsakanin unguwa da unguwa, ƙananan ma'aikata kuma suka tare a Nyanya da Mararraba da Kubwa da Suleja. Duk wanda ya sayi fili a bayan gari ya yi lissafinsa ne a kan cewa kuɗin mota ba zai taɓa zama matsala ba.

Farashin ya fara motsi a hankali: kwabo 15 da 'yan kai a 1978 ƙarƙashin Obasanjo, kwabo 20 a 1982 ƙarƙashin Shagari. Juyin gaske ya zo da Babangida da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, lokacin da lita ta koma kwabo 39 da rabi, naira kuma aka sake ta ta fara faɗuwa. Ƙarin da aka yi zuwa kwabo 42 a Afrilun 1988 bai kai kwabo uku ba, amma ya fito da ɗalibai da ma'aikata kan titi, daga Jos abin ya bazu. Tun daga nan jama'a suka ɗauki arahar fetur a matsayin abu guda da suke gani a ƙasa daga arzikin man, tunda asibiti da makaranta da lantarki sun fara ja da baya. Faɗuwar naira ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai 'yar Kwatano ta maye gurbinta. Bas-bas na gwamnati suka lalace babu kayan gyara. A wannan giɓin aka haifi acaɓa. Ma'aikacin da aka sallama, ko wanda albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, ya ɗauki babur ɗinsa ya fara ɗaukar fasinja da yamma, kafin a ankara sana'ar ta cika gari, musamman da baburan China masu araha suka shigo. Acaɓa ɗan fetur mai araha ne da mota mai tsada, kuma shi ya koya mana a sauke mu a ƙofar gida maimakon mu taka zuwa bakin titi.

Shekarun 1990 sun zo da wani darasi, cewa araha a takarda daban take da samu a gidan mai. Shonekan ya kai lita naira 5 a 1993, Abacha ya sauke ta zuwa naira 3 da kwabo 25, a Oktoban 1994 ya ɗaga ta zuwa 15 sannan ya tsaya a 11, ya zuba rarar a asusun PTF da Janar Buhari ya jagoranta. Matatun Fatakwal da Warri da Kaduna suka raunana, ƙasa mai haƙo ɗanyen mai ta koma shigo da tatacce. Muka saba da kwana a layi, muka saba da 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi, suna sayar da litar naira 11 a ninki uku ko huɗu. Ga injin janareta ya shiga gidaje da shaguna, ta yadda fetur ya tashi daga abin zirga-zirga kawai ya zama wutar mai aski da mai walda da mai niƙa.

Duk wannan lokaci maƙwabtanmu suna rayuwa a inuwar farashinmu. Nijar da Benin da Kamaru ba su da halin tallafin mai irin namu, suna ma ɗora haraji, don haka litar gidan mai a Maraɗi ko Kwatano ko Garwa ta riƙa ninka ta Katsina ko Legas ko Yola. Ruwa kuwa gangare yake bi. Ta Jibiya da Illela da Maigatari da Kongwalam, a jarkoki bisa babura da cikin tankunan mota da aka faɗaɗa, man ya riƙa tsallakawa dare da rana. A Damagaram da Maraɗi da Birnin Ƙonni 'yan ruwa-ruwa suka jera kwalabe a bakin hanya, a Benin ana ce masa kpayo, a arewacin Kamaru zuwa-zuwa. Kabu-kabun Nijar da zemijan na Kwatano, wato acaɓansu, a kan wannan man suka girma, har ya zama a Benin mafi yawan fetur ɗin da ake ƙonawa bai taɓa ratsa gidan mai ba. Ko bayan da Nijar ta buɗe matatarta ta Soraz kusa da Damagaram a ƙarshen 2011, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, litarta da ta daɗe a sefa 540 ba ta iya gogayya da ta fasa-ƙwauri ba. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ta kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya fi gallaza wa mutanen ƙauyukan bakin iyaka fiye da manyan masu safarar.

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, ƙarin farashi da yajin aikin ƙungiyar ƙwadago suka zama kamar damina da rani. Obasanjo ya tarar da lita a naira 20 ya bar ta a 75, 'Yar'aduwa ya sauke ta har zuwa 65. Ranar 1 ga Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi lita ta haura 140, ƙasa ta tsaya cik fiye da mako guda, daga Ojota a Legas har dandalin Silver Jubilee a Kano, sai da aka dawo da ita 97. Ba mu kaɗai ke cikin wannan tarko ba. A Benezuwela ƙarin kuɗin mai da na mota ne ya haddasa tarzomar Karakas ta 1989 da ta ci ɗaruruwan rayuka, bayanta gwamnatoci suka ji tsoron taɓa farashin har ruwan kwalba ya fi fetur tsada. Iran ta ga irin nata a 2007 da 2019. Faransa mai jiragen ƙasa ma ta ga zanga-zangar masu rawayar riga a 2018, galibinsu mutanen karkara da bayan gari da ba su da abin hawa sai motarsu. Indonesiya ce ta yi dabara, ta janye tallafin fetur a farkon 2015 daidai lokacin da ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya, don haka jama'a ba su ji zafin sosai ba. A Kano kuwa abin da ya sauya fuskar titi a wannan zango ba farashi ba ne: gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 saboda tsaro, A Daidaita Sahu da aka shigo da ita zamanin Malam Shekarau don mata ta gaje gari, ta kuma kori tasi da hayis kusan gaba ɗaya. Muka musanya ƙaramin inji da wani ƙaramin inji, dubbai a kan titi, kowanne da fasinja uku ko huɗu.

Akwai kuskuren da masu kare cire tallafi suka daɗe suna yi, wato su jera farashin ƙasashe da dala su ce namu ya fi na kowa araha. A ganina ma'aunin da ya dace shi ne lita nawa guminka ke saye. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, da lita ta koma kwabo 20 yana sayen lita 625. A 2019 naira 30,000 a kan lita ta 145 tana sayen lita 200 da 'yan kai. A ƙarshen 2024 naira 70,000 a kan litar da ta haura dubu ba ta cika lita 70 ba. Sannan akwai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: idan ka ƙi saye, me za ka hau? Da farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Jamus ta fitar da tikitin yuro 9 wanda mutum zai hau bas da jiragen cikin gari da na yanki tsawon wata guda, aka yi wata uku ana haka. Ta iya yin hakan ne don jiragen suna nan. Masu adawa da cire tallafi su ma suna da nasu abin da ba sa son kallo, domin a 2022 kaɗai tallafin ya laƙume sama da naira tiriliyan 4, kuma mai motoci uku ya fi mai tafiya a ƙasa shan romonsa nesa ba kusa ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Kafin mako ya zagayo lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a Yuli ta haura 600, a Oktoban 2024 ta tsallake dubu a Abuja, wata guda bayan matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur. Tsallaken iyaka ma an ji a jika. Kpayo ya kusa ninka kuɗinsa a Kwatano, kwalaben 'yan ruwa-ruwa suka ragu, mutanen Maraɗi da Damagaram suka koma gidajen mai, gwamnatin Nijar ta rage lita zuwa sefa 499 a Yulin 2024, buƙata ta fi ƙarfin Soraz, har aka shiga ƙarancin mai da dogayen layuka a Yamai a Maris ɗin 2025. Shekara arba'in mai yana gangarawa arewa, sai ga gangaren ya kusa bajewa cikin 'yan watanni.

A gida kuma sauyin ya shiga har cikin tsarin yini. A 2023 jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Wasu ma'aikatan Abuja da ke zaune a Mararraba ko Suleja suka koma kwana a wurin aiki daga Litinin zuwa Juma'a. Manyan motoci masu shan mai suka kwanta a gareji an lulluɓe su, mai ƙaramar mota ya fara tsayawa a bakin titi yana ɗibar fasinja don ya haɗa kuɗin mai. Ziyarar zumunci da ake yi duk Juma'a ta koma waya, iyaye suka cire yara daga makarantar nesa suka sa su ta unguwa. Gwamnati na tura mutane ga iskar gas ta CNG, babura da adaidaita masu batir sun fara bayyana, ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. A unguwanninmu mai gyaran keke, wanda shekaru da dama yara kaɗai ke kawo masa faci, yanzu da safe yana ganin dattawa da ma'aikata a rumfarsa, wani ya zaro tsohon Raleigh na mahaifinsa daga ɗakin ajiya yana tambayar kuɗin taya da sarƙa. Idan an gyara ya hau, zai fita ne kan titin da aka shimfiɗa babu gefen mai keke, ya kama hanyar kilomita goma sha biyar zuwa wurin aiki, tsakanin tirela da adaidaita.